Kyauta ko Kuɗin Ciniki: Haraji da Tallafi a Bakin Iyakar Illela

Manufar wannan lacca ita ce a bi tarihin wata tambaya guda ɗaya, wadda a ido take kamar ta akawu ce da ma'aikatan haraji kurum, alhali kuwa ta shafi tuwon kowane gida. Tambayar ita ce: idan hukuma ta ɗauki kuɗi ta ba mutum, ko kuwa ta biya masa wani ɓangare na kuɗin kayan da zai saya, shin wannan kuɗin kyauta ne, ko kuɗin ciniki ne wanda ya kamata a ɗora wa haraji? Harajin da ake nufi a nan shi ne harajin ƙarin daraja, wanda ake kira VAT a Nijeriya, a Jamhuriyar Nijar kuma ake kira TVA. An zaɓi Illela domin a nan ne tambayar take fita daga cikin littattafan doka ta hau babur.

Illela tana arewacin Jihar Sakkwato, a ƙarshen hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta ratsa Kware da Gwadabawa. Da an wuce shingen kwastan da tazara kaɗan sai Birnin Ƙonni, cikin Jihar Tawa ta Nijar. Mutanen garuruwan nan biyu harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. Kasuwar dabbobi ta Illela tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa maso yamma, kuma shanu da raƙuma da awaki da yawa da ake sayarwa a cikinta daga ƙetaren iyaka suke zuwa. Abin da ya raba su shi ne kuɗin da suke kashewa, watau naira da sefa, da kuma dokokin haraji guda biyu waɗanda aka rubuta ɗaya da Ingilishi ɗaya da Faransanci.

Kafin a ja layi

Karɓar kuɗi a kan kayan fatauci tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Ayarin da ya taso daga Azbin da gishiri da kanwa, ko wanda ya dawo daga Gwanja da goro, yakan biya fito a bakin ruwa, ya biya kuɗin hanya a ƙasar kowane sarki da ya ratsa. Babban aikin madugu ke nan, ya san nawa ake biya a kowane zango, ya kuma san wanda za a yi wa gaisuwa. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, a cikin littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa a cikin abubuwan da ya tuhumi sarakunan Haɓe da su. Abin lura a nan shi ne sanya gaisuwa a cikin jerin. Gaisuwa a suna kyauta ce, talaka ne ya kai wa ubangijin ƙasarsa don ransa ya so. Amma kyautar da in ba a kai ba za a ga ba daidai ba ta riga ta tashi daga kyauta ta koma haraji. Ashe tun wancan zamani malamai sun san suna ba ya isa a gane kuɗi, sai an duba abin da ake jira a bayansa.

Fiƙihun Malikiyya ma ya yi wannan bambanci a fili. Akwai sadaka, wadda ake yi don neman lada, ba a jiran komai daga wanda aka ba. Akwai kuma kyautar da ake yi don a rama, wadda malamai suke kira hibatus sawabi. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Sakkwato da Ƙonni baki ɗaya, ta nuna cewa wanda aka yi wa irin wannan kyauta ko dai ya biya ƙimarta ko ya mayar da ita, watau hukuncinta ya kusanci na ciniki. Bahaushe kuwa yana da kalmominsa: tukuici daban, gudummawar biki daban, la'ada daban, gyaran da mai awo yake ƙara wa mai saye shi ma daban. Duk matar da ta taɓa rubuta gudummawar da aka kawo mata ranar suna, domin ta san abin da za ta mayar in lokacin wata ya zo, ta fahimci asalin wannan mas'ala fiye da yadda ake zato.

Layin da ya raba Illela da Ƙonni ba a ja shi a rana ɗaya ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ta yi maganar layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi. Ta 1898 ta zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, abin da ya sa Ƙonni ta faɗo a rabon Ingila a kan takarda. Wannan bai hana rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni a watan Mayu na 1899 ba, ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Faransawa sun ga da'irar nan ta tura su cikin hamada, ba su da hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Damagaram, saboda haka suka nemi gyara. Aka gyara a 1904, aka ƙara daidaitawa a 1906, sa'an nan hukumar haɗin gwiwa ta Tilho da O'Shee ta kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Da haka Ƙonni ta koma hannun Faransa, ƙasar Gwadabawa, wadda Muhammadu Maiturare ya raya wajen ƙarshen ƙarni na goma sha tara, ta zama bakin iyaka.

Gwamna Lugga, da yake neman kuɗin tafiyar da mulki, sai ya gaji kuɗin hanyar da sarakuna suke karɓa ya mayar da shi na gwamnati: kashi 5 cikin 100 na ƙimar kaya a kowane lardi da ayari ya ratsa, har zuwa kashi 15. Fatake suka koka, kamfanonin Turawa ma suka koka, aka soke shi a 1907. Aibin wannan haraji shi ne hauhawa. Kaya ɗaya ne, amma ana karɓar haraji a kansa sau biyu sau uku, kuma mai saye na ƙarshe shi ne yake ɗaukar nauyin duka. Wannan aibin ne harajin ƙarin daraja ya zo ya gyara bayan kusan shekara hamsin.

Yadda harajin yake aiki

Wani ma'aikacin haraji na Faransa, Maurice Lauré, shi ne ya tsara shi, aka fara aiki da shi a can a 1954. Hikimarsa mai sauƙi ce. A ɗauka masaƙa ta sayar wa babban ɗan kasuwa turmin atamfa a kan naira 10,000. Za ta ɗora haraji kashi 7.5 cikin 100, watau naira 750, ta kai wa hukuma. Shi kuma ya sayar wa mai shago a kan naira 12,000, ya karɓi harajin naira 900. Ba zai kai 900 ba, sai ya cire 750 da ya riga ya biya, ya kai 150. Kowa yana biya ne a kan darajar da ya ƙara kaɗai, kuma kowa yana da dalilin neman rasit daga wanda ya sayar masa. A ƙarshe duk nauyin yana sauka a kan wadda ta ɗinka atamfar ta ɗaura.

Daga nan abubuwa biyu suka fito, kuma a kansu sauran bayanin zai tsaya. Na farko, harajin nan na ciniki ne, sai an ba da kaya ko aiki an karɓi wani abu a madadinsa. Na biyu, harajin ƙasar da aka ci kayan ne. Abin da aka fitar waje ana sauke masa haraji a bakin iyaka, ƙasar da ya shiga ta ɗora nata.

Nijeriya ta kafa shi da Dokar Soja mai lamba 102 ta 1993, ya maye gurbin harajin sayarwa na 1986, aka fara karɓa a watan Janairu na 1994 a kan kashi 5 cikin 100. A cikin wannan watan ne kuma aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Ɗan kasuwar Illela bai ji zuwan sabon haraji ba kamar yadda ya ji faɗuwar sefa, gama ita ce ta sauya masa lissafin kowace saniya da kowane buhu a dare ɗaya. An yi yunƙurin ɗaga harajin zuwa kashi 10 a watan Mayu na 2007, yajin aikin gama-gari ya sa gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta janye a watan Yuni. Sai a watan Fabrairu na 2020 ya koma kashi 7.5. A Nijar kuwa kashi 19 ne, cikin iyakar kashi 15 zuwa 20 da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da sefa ta Afirka ta Yamma ta tsayar a 1998.

To, ina matsayin kuɗin da hukuma ta bayar? Turawa sun daɗe suna shari'a a kan wannan, kuma shari'o'insu suna da ban sha'awa. A 1994 Kotun Tarayyar Turai ta duba ƙarar wani mutumin Holan mai suna Tolsma, wanda yake kaɗa garayar Turawa mai juyawa a bakin titi, masu wucewa suna jefa masa abin da ya sawwaƙa. Ma'aikatan haraji suka ce ciniki yake yi. Kotu ta ce a'a, domin babu wata yarjejeniya tsakaninsa da mai wucewa, wani ya saurara bai ba da ko anini ba, wani ya bayar bai tsaya saurara ba. Da makaɗan ƙasar Hausa sun ji wannan hukunci da sun yi na'am da shi, ko da yake makaɗin da aka yi jinga da shi kafin ya zo gidan biki ba zai fake a nan ba. A 1996 kuma aka yi shari'ar Mohr, wani manomi Bajamushe da aka biya shi diyya domin ya daina samar da madara. Kotu ta ce babu haraji, gama hukuma ba ta sayi komai daga gare shi don amfanin kanta ba, babu wanda ya ci wani abu.

Amma dokar Turai ta 1977 ta ware wani irin tallafi ta ce shi kam a lissafa shi cikin farashi, watau tallafin da yake manne da farashin kaya kai tsaye. Ga misali, kayan naira 10,000 ne, gwamnati ta ce wa mai sayarwa ya sayar a kan 6,000, ita za ta cika masa 4,000 a kan kowane ɗaya da ya sayar. Mai kaya ya karɓi 10,000 cif, daga aljihu biyu. Saboda haka a kan 10,000 za a ɗora haraji. Wannan shi ne hibatus sawabi na zamani: an kira shi tallafi, amma ana jiran buhu a bayansa. Gudummawar da aka ba makaranta ko ƙungiya don ta tafiyar da harkokinta, ba tare da an ƙulla ta da farashin wani abu ba, ita ce take zama kyauta tsantsa.

Dokar Nijeriya ta 1993 ta bi wata hanya mai gajarta. Kayan da gwamnati ta fi tallafa wa sai aka tsame su daga harajin tun farko: abinci na yau da kullum, da magunguna, da littattafai, da takin zamani, da kayan aikin gona. Umarnin ministar kuɗi na 2021 ya sanya fetur da kananzir a cikin jerin. Gyaran da aka yi wa dokar a 2007 kuma ya sa kayan da aka saya don ayyukan jinƙai da masu ba da agaji suke biya a kan haraji sifiri. Akwai bambanci tsakanin keɓewa da sifiri, kuma bambancin kuɗi ne. Wanda aka keɓe kayansa ba ya karɓar haraji, amma ba a mayar masa da wanda ya biya a kan buhuna da sauran abin da ya saya, sai ya cusa shi cikin farashi a ɓoye. Wanda aka sa a sifiri ba ya karɓa, kuma yana da haƙƙin a mayar masa. Shekara da shekaru manomi yana sayen taki ana ce masa babu haraji a ciki, alhali akwai saura a maƙale.

Taki da fetur

Tallafin taki ya kankama a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta soja ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, Gwamnatin Tarayya ta karɓi sayo taki da rarraba shi a hannunta. A shekarun farko rangwamen ya kai kashi 75 cikin 100 ko fiye. An janye hannun gwamnati a 1997, aka dawo da rangwamen kashi 25 a 1999. Duk tsawon wannan lokaci tallafin a jikin buhu yake. Duk wanda buhu ya shiga hannunsa, tallafi ya shiga hannunsa, ko manomin Kalmalo ne, ko ɗan siyasar da bai taɓa riƙe fartanya ba. A ƙetaren iyaka kuwa ga fadamun Ƙonni na noman rani, ga Galmi wadda albasarta ta yi suna a duk Afirka ta Yamma, ga manoma masu buƙatar taki da sefa a hannu. Ba a buƙatar dogon bincike kafin a san inda wani kaso na buhunan ya nufa. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, aka gwada ƙulla tallafin da mutum: a yi wa manomi rajista, a aiko masa da saƙo ta wayar hannu, ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Shirin ya sami nasa cikas, musamman bashin da dillalai suka biyo gwamnati da ƙauyukan da waya ba ta kamawa, amma ya nuna an gane inda ciwon yake.

Labarin fetur ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. A 1973 gwamnatin Gowon ta daidaita farashin mai a duk faɗin ƙasa, lita ba ta kai kwabo goma ba. A 1975 aka kafa asusun daidaita kuɗin dakon mai, domin mutumin Sakkwato ya saya a kan farashin da mutumin Legas yake saye. Niyyar mai kyau ce, kuma arewa ta amfana. Sai dai ma'anarta a aikace ita ce gwamnati tana biyan kuɗin ɗauko mai daga bakin teku har ƙofar Nijar. Farashi ya yi ta tashi, kwabo 39.5 a 1986, naira 11 a 1994, naira 65 kafin Janairun 2012, lokacin da aka ɗaga shi zuwa 141, zanga-zanga ta sauko da shi 97. Amma a mafi yawan shekarun nan ya kasance ƙasa da farashin gidajen man Nijar ƙwarai, inda gwamnati take ɗora wa mai haraji iri-iri.

A ma'aunin da aka bayyana a baya, tallafin fetur shi ne cikakken misalin tallafi mai manne da farashi, domin a zamanin da ake ba da shi gwamnati tana cika wa mai shigo da mai bambancin da ke tsakanin abin da ya kashe da abin da aka yarda ya sayar, lita bayan lita. Kowace lita da ta iso Illela tana ɗauke da kyauta biyu, kuɗin da aka cika da harajin da aka yafe. In ta ƙetara ta hanyar daji sai ta sami ta uku, harajin Nijar da ba ta biya ba. Baitulmali biyu suka yi asara a kan jarka ɗaya. Wanda ya ci riba shi ne direban Ƙonni da na Tawa da ya sayi mai a kwalba a bakin hanya, da jerin mutanen da man ya bi ta hannunsu. An saba ɗora laifin a kan 'yan bumburutu, samarin da suke ɗaure jarkoki a babur su bi ta cikin gonaki. Wannan rashin adalci ne a lissafi. Babur nawa ne zai kwashe abin da tanka ɗaya take ɗauka, kuma tanka ba ta bin hanyar da ba a san da ita ba.

Maganin da gwamnatoci suka fi sani shi ne rufe ƙofa. An rufe iyakoki daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, rufewar da ta haɗu da fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. An sake rufewa a watan Agusta na 2019, a watan Nuwamba kuma hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da suke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wannan umarni ya haɗa da Illela kanta. Ɗan ƙasa mai injin ban ruwa ko injin niƙa, wanda don shi aka ce an yi tallafin, sai ya koma yana sayen mai da tsada fiye da mutumin birni, saboda kawai Allah ya ajiye shi a bakin iyaka. Illela tana cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a watan Disamba na 2020, tare da Seme da Maigatari da Mfum.

Nijar ma ta ɗanɗana nata. A farkon 2005 gwamnatin Tandja Mamadou ta faɗaɗa harajin kashi 19 ya hau kan kayan masarufi irin su shinkafa da fulawa da madara da sukari, har da ruwa da lantarki. Ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka fito a watan Maris, aka rufe kasuwanni a Yamai da sauran birane, aka kama shugabanninsu, cikinsu har da Nouhou Arzika. A watan Afrilu gwamnati ta janye mafi yawan ƙarin. Shekarar nan kuwa ita ce ta matsananciyar yunwa a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram, wadda ta jawo agajin duniya. Kayan agaji kyauta ne, babu haraji a kansu ta kowace fuska. Amma magidancin da aka ba buhu, ga bashi ga maras lafiya a gida, yakan kai rabinsa kasuwa, kuma daga wannan lokaci buhun ya zama haja kamar kowace haja. Doka ta san matsayinsa ranar da aka bayar, kasuwa ce take sanin matsayinsa kashegari.

Harajin da ya koma gudummawa

Akwai wata fuska ta wannan tarihi da ba a cika kula da ita ba. A zamanin En'e, hakimi da dagaci su ne suke tara haraji da jangali, a kai baitulmali, a raba da gwamnati. Kuɗi daga ƙasa yake hawa sama. Talaka ya sha wuya a wannan tsari, shi ya sa gwamnatocin jam'iyyar PRP a Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979 aka yi ta murna. Amma ya san abin da ya biya, ya san hannun da ya karɓa. Harajin ƙarin daraja ya juya tafiyar. Hukumar tarayya ce take tarawa, a raba a Abuja kowane wata. Shekaru da yawa rabon shi ne kashi 15 na tarayya, 50 na jihohi, 35 na ƙananan hukumomi 774, waɗanda Illela take ɗaya daga cikinsu. Mutumin Illela yana biyan harajin duk sa'ad da ya sayi katin waya ko siminti, ba tare da ya sani ba, sa'an nan kuɗin ya dawo wa ƙaramar hukumarsa da sunan kaso daga sama, kamar wata alfarma.

Wannan ne ya haifi gardamar 2021, lokacin da Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta yanke cewa Jihar Ribas ce take da ikon karɓar harajin a cikin ƙasarta, Legas kuma ta mara mata baya. Hujjarsu ita ce su suke tarawa wasu suna ci, har ana misali da harajin giya da ake raba wa jihohin da suka hana sayar da ita. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta cika ba. A wancan lokaci kamfanonin waya da bankuna da masana'antu suna biyan harajin ne daga hedkwatarsu, saboda haka abin da aka saya a Illela yakan fito a littafi da sunan Legas. Sa'an nan abin da arewa ta fi samarwa, hatsi da albasa da dabbobi, shi ne doka ta tsame don abinci ya yi sauƙi a birane. Kasuwar Illela tana iya cika ta batse, tireloli su yi lodin shanu zuwa kudu, littafin harajin bai nuna komai ba. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, suka fara aiki a Janairun 2026, sun bar harajin a kashi 7.5, sun rage kason tarayya zuwa 10, na jihohi ya koma 55. Sun kuma mayar da abinci na yau da kullum da taki kan sifiri, sun faɗaɗa abin da ɗan kasuwa zai iya cirewa daga harajin da ya biya.

Fetur kuwa an yanke masa hukunci ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi a jawabinsa na kama mulki. Cikin kwanaki kaɗan lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. Bayan wata biyu sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Da ribar jarka ta ragu, sai masu motocin Nijar suka koma gidajen mai na hukuma, inda aka rage lita zuwa sefa 499 a 2024. Matatar Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, ta kasa ɗaukar wannan sabon nauyi, aka yi dogayen layuka a Yamai a watan Maris na 2025. A nan ne aka ga girman kason da baitulmalin Nijeriya ya daɗe yana ɗauka na man da ake ƙonawa a Nijar.

A madadin tallafin mai, Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har wata uku, da rancen Bankin Duniya. Wannan kuɗi kyauta ne a idon dokar haraji, gama ba a jiran kaya ko aiki daga wanda aka ba, kuma ba a iya ɗura shi a jarka. Sharaɗinsa shi ne sunan mutum ya kasance a rajistar marasa galihu, yana da lambar shaidar ɗan ƙasa, yana da asusun banki ko na waya. A ƙauyukan da ke tsakanin Illela da Ƙonni, inda mutum yakan kwana a Nijeriya gonarsa tana Nijar, uwarsa 'yar can ce matarsa 'yar nan, aikin da kwastan yake yi a kan buhu da jarka ya koma hannun mai rubuta sunaye.